Ranar da Mazembe ta cika mini gidan kallo

Shekarata biyu da buɗe gidan kallon ƙwallo a unguwarmu a Kano lokacin da TP Mazembe ta Lubumbashi a ƙasar Kwango ta kai wasan ƙarshe na kofin duniya na ƙungiyoyi, a Disambar 2010. Rumfar kwano ce mai benci goma sha huɗu da talabijin biyu, sai ɗan inji a bayan katanga. Allon da nake jinginewa a ƙofa kuwa, tun da na buɗe ban taɓa rubuta sunan ƙungiyar Afirka a kansa ba. Wasannin Ingila da Sifaniya ne ke kawo kuɗi. Pillars ɗinmu ma ko dai mu je filin Sani Abacha, ko mu kasa kunne a rediyo.

Ba wai Mazembe baƙuwa ce a wurinmu ba. A 2009 Pillars ta fitar da Al Ahly ta Masar, ta kai wasan kusa da na ƙarshe a kofin zakarun Afirka, Heartland ta Owerri ta tare mana hanya. Ita kuma Heartland a hannun Mazembe ta rasa kofin. A 2010 Mazembe ta sake ɗauka, bayan ta yi wa Esperance ta Tunisiya 5 da nema a Lubumbashi. Duk da haka, ranar Talata 14 ga Disamba da za su kara da Internacional ta Brazil a wasan kusa da na ƙarshe na kofin duniyar, ban ga dalilin ƙona mai ba. Ƙanina ne ya matsa, na tayar da inji don mutum biyar. Kabangu ya lanƙwasa ta farko bayan hutun rabin lokaci, Kaluyituka ya ƙara ta biyu ana dab da tashi. Sai ga golansu Kidiaba ya zauna a ƙasa yana tsalle da mazaunai, yara na leƙe ta hudar kwano suna ihu. Tun da aka fara gasar, ba a taɓa samun ƙungiyar da ba ta Turai ko Kudancin Amurka ba a wasan ƙarshe sai ranar.

Asabar 18 ga wata na rubuta da alli, manyan baƙaƙe: MAZEMBE DA INTER, wato Inter Milan ta Italiya. Dusar ƙanƙara ta sa an ɗage wasanni a Ingila a makon, har da na Arsenal da Stoke da na Chelsea da Manchester United, na ɗauka rashin abin kallo ne zai turo mini mutane. Amma fuskokin da na gani tun bayan la'asar ba na kullum ba ne. Ga tela, ga mai shayin bakin titi, ga wani dattijo da ya rufe kansa da rawani saboda sanyin hunturu, ya miƙo kuɗinsa ya ce, "Yaro, na ji an ce 'yan Kwango za su buga da Turawa, shi ne na zo." Na ce, "Bismillah Baba, ga wuri a gaba." Benci ya ƙare, na aro tabarmi.

Kuskurena na lissafin lokaci ne. A Abu Dhabi ake wasan, da tara na dare agogonsu, kuma sun riga mu da awa uku. Shida ke nan na yamma, daidai magariba a wannan watan. Dokar gidana ce in an kira salla a kashe talabijin, kuma ban taɓa sassauta ta ba. An take wasa da 'yan mintoci ladan ya ɗaga murya. Buta uku gare ni, mutum ya fi ɗari, ruwan randa ya ƙare, wasu suka nufi masallacin can gaba. Da muka dawo na kunna, ga 2 da 0 a saman allo. Pandev ya ci a minti na 13 daga ƙwallon da Eto'o ya ba shi, Eto'o da kansa ya ƙara a na 17. Wasu samari suka taso mini wai in mayar musu da kuɗinsu. Dattijon nan ko juyowa bai yi ba ya ce, "Ku zauna. Da kun gani da idonku za ku hana ta shiga ne?" Suka zauna.

Tun daga ranar, duk wasan da ake yi a wata nahiya sai na juya lokacinsa zuwa namu, na duba jadawalin salla, na rubuta a allo cewa za a tsaya. Na sayi butoci goma da jarka biyu, tabarmi a shimfiɗe a ƙofa tun kafin a kira.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ba wanda ya tafi. A wasan Ingila, ƙungiyar mutum na bayan ci biyu zai ja tsaki ya fice. Ranar kuwa duk sanda Kaluyituka ya kama ƙwallo ya nufi golan Inter Julio Cesar sai rumfar ta miƙe gaba ɗaya, ɗan Chelsea da ɗan Arsenal kafaɗa da kafaɗa. Gardama ɗaya ce ta raba su, ita ce ta Eto'o. Wasu na cewa ɗan Kamaru ne, cin nasa ma namu ne, wasu na cewa shi ya yanka mu. Biabiany ya rufe da ta uku a minti na 85, aka tashi 3 da 0, Eto'o ya karɓi kyautar gwarzon gasar.

Ni a ganina ba tsoro ne ya kayar da Mazembe ba. Inter ce da ta lashe kofi uku a kakar da ta wuce a hannun Mourinho, kuma irin waɗannan ba a ba su minti biyar na sakaci a baya. Sannan Mazembe ta je ba tare da tauraronta Tresor Mputu ba, yana cikin dakatarwa. Amma koci Lamine N'Diaye ya tsaya da yaran da yawancinsu 'yan gida ne, saboda Moise Katumbi, shugaban ƙungiyar kuma gwamnan lardin Katanga a lokacin, ya zuba kuɗin da ya riƙe su a Lubumbashi. Abin da ke ci mini rai ke nan in na tuna Pillars ta 2009, yadda mukan rasa yaro mai kyau kaka ɗaya bayan ya haska.

Da aka shiga kofin zakarun Afirka na shekarar da ta biyo baya, na ja layi a tsakiyar allona, rabi na Turai, rabi namu. Ba kullum rabin namu ke mayar da kuɗin mai ba, amma ban goge layin ba. A Disambar 2013 da Raja Casablanca ta Maroko ta kai wasan ƙarshe na wannan kofin duniyar da Bayern Munich a Marrakesh, dattijon nan ne ya fara isowa, ya tambaye ni ko wannan karon ma zai ci karo da salla. Na ce masa sai bayan isha'i, Baba. Ya gyara rawaninsa ya zauna a bencin gaba.