Ɗinkin haɗin ƙyalle, sana'ata a Mabera

Shagona ba babba ba ne, keke uku ne da teburin yanka ɗaya, a nan Mabera cikin garin Sakkwato. Ni da 'yan matan da ke hannuna ɗinkin haɗi muke yi: a yayyanka yadin auduga ƙanana, a sake haɗa shi har ya fitar da zane. Da shi muke yin shimfiɗar jariri ta suna, rigar filo, jakar Alƙur'ani ta mai sauka, 'yar jakar carbi, abin sauke tukunya, da jakunkunan rabon biki.

Kusan kullum sai an sami wadda za ta ɗaga kaya, ta jujjuya, ta yaba, da ta ji kuɗi sai ta ce: "Haba Hajiya, ai ƙyalle na, ko tela bai sai da shi." Maganar nan tana yi mini ciwo. Ba sharar gindin keke nake tsincewa ba. Sabon yadi nake saye, auduga zalla, irin wanda aka saƙa musamman don wannan ɗinki, faɗinsa inci 44, saƙarsa a matse, ba ya saki in an yanka shi ƙanana. Wani yana zuwa a yanke, inci 18 da 22. Wani kuma naɗi ne na tsiri 40, kowane faɗin inci biyu da rabi, irin wanda kamfanin Moda na Amurka ya yi suna da shi. Kafin ya iso Sakkwato ya sha kuɗin hanya.

Amma ba a yadi tsadar take ba, a hannu take. Ɗauki zanen gida tara, wanda kowa ke farawa da shi: ƙyalle tara, uku-uku, kowane inci biyu da rabi, in an haɗe su ba da inci shida cif. Shimfiɗar jariri mai inci 36 da 48 tana cin irin wannan gida 48, wato ƙyalle 432, kuma kowane bakin ɗinki rubu'in inci ne, ba ƙari ba ragi. In mai ɗinki tana cin ɗan abin da bai fi kaurin zare biyu ko uku ba a kowane layi, kafin ta kai ƙarshen jere kusurwoyi sun saɓa, shimfiɗa ta karkace, guga kuma ba ya gyara ta. Shi ya sa sabuwar yarinya ba ta taɓa yadi mai tsada a wurina sai ta iya bin miƙaƙƙen layi a kan takarda, keke ba zare.

Ni a hannun Gwaggona na koya, Allah Ya jiƙanta. Tana da tsohon keken Singer na ƙafa, da kwallar da take tara ragowar atamfa da shadda. In hunturu ya kusa sai ta haɗa mana mayafi, ta sa tsohon zane a tsakiya don ɗumi. Ba ta da ma'auni sai faɗin yatsa da ido, amma kusurwarta ba ta saɓawa. Ni ke hura mata gawayin dutsen guga, don ba ta yarda a ɗinka layi na biyu ba a kwantar da na farko ba. In na yi gaggawa sai ta ce, "Ɗiyata, warware, sauri ya haifi nawa." Har yau haka muke yi a shago, ɗinki ɗaya, guga ɗaya. Kuma aikin haɗi ba baƙo ba ne a garin nan. Wanda ya taɓa tsayawa ya dubi yadda dukawanmu ke jera jar fata da baƙa da kore a jikin tumtum ya san idonmu ya saba da shi tun kaka da kakanni.

Abin da zamani ya ƙara mana shi ne kayan aiki. Wuƙar yanka mai gare, wadda kamfanin Olfa na Japan ya fito da ita a 1979, da tabarmar yanka da rula mai gani-har-hanji, suna yanka ninki huɗu lokaci guda, baki sumul. Daga intanet kuma na koyi zanen gidan katako, wanda ya yi tashe a Amurka tun shekarun 1860: jan ƙyalle a tsakiya alamar murhu, tsiri masu haske a gefe ɗaya, masu duhu a ɗayan. Ni nakan haɗa shi da atamfa a ɓangaren duhun, yadin auduga mara zane a ɓangaren hasken. Amare sun fi son wannan a rigar filo.

Duk yadin da ya shigo sai mun wanke shi tukuna, don auduga tana tsukewa a wankin farko, ja da shuɗi kuma suna iya zuba. Ina kuma ƙona zare ɗaya daga baki. Auduga tana cinyewa ta bar toka mai laushi, roba kuwa narkewa take ta dunƙule. Na fara wannan gwajin ne tun da wani dillali a Kano ya turo mini dila da sunan auduga, rabinta gauraye da roba, kuma ya ƙi karɓar kayansa.

Sai kuma masu kwaikwayo. Yanzu kasuwa cike take da yadin da aka buga masa hoton haɗi, daga nesa kamar namu. 'Yar'uwa, kafin ki biya, shafa da yatsa: na gaskiya za ki ji tudun ɗinki a kowace mahaɗa, na bugu kuwa sumul yake. Yawancinsa roba ne, kuma kwantar da jariri a kan roba cikin zafin watan Afrilu na Sakkwato, lokacin da ma'aunin zafi ke wuce digiri 40, ƙurajen zafi kawai zai jawo masa. Namu hawa uku ne, sama haɗi, tsakiya siririyar auduga, ƙasa shafi, a bi su da ɗinki a kama su wuri ɗaya don kada cikin ya tattare in an wanke.

Mai son shimfiɗar suna ta yi magana tun cikin yana wata bakwai, don ba aikin da ake gamawa tsakanin haihuwa da suna ba ne. Kayan rabon biki da na sauka ina karɓa in an ba ni wata guda. Wadda kuma take da zanen mahaifiyarta da ba ta son rabuwa da shi, ta kawo, in dai auduga ne zan saka mata shi a cikin haɗin.