Sayar da dayis ɗin harsashi a Texas

Shagona ƙarami ne a gefen birnin Houston, kuma ba na sayar da bindiga. Kayan aiki nake sayar wa maharba da masu gasar harbi, waɗanda ke tsince kwanson harsashin da suka harba su sake cika shi da hannunsu. A Amurka doka ta yarda mutum ya yi wa kansa wannan aiki, amma in zai sayar wa wasu sai da lasisin gwamnatin tarayya. A Najeriya kuwa dokar makamai ta 1959 ta hana ƙera harsashi ba da izinin hukuma ba, don haka mai karatu a gida ya ɗauki wannan a matsayin labarin sana'a kawai.

Abin da ya fi kawo mini ciniki, ya kuma fi jawo gardama, shi ne dayis. Guntun ƙarfe ne mai rami a ciki, an fafe shi daidai da siffar kwanson. Idan aka yi harbi, tagullar kwanson tana kumbura ta cika mazauninta a cikin bindiga. Dayis na farko shi ke matse ta ta koma daidai, na biyu kuma ya zaunar da sabon kan harsashi. Kusan duk kamfanonin da ke yin dayis zare iri ɗaya suke yanka masa, wanda ake ɗaura shi da shi a kan injin matse kwanso, shi ya sa dayis ɗin kamfanin Lee na jihar Wisconsin ke hawa injin RCBS, kamfanin da Fred Huntington ya kafa a Kalifoniya a 1943, ba tare da wata matsala ba.

Samari kan shigo sun gama kallon YouTube, bakinsu cike da sunan dayis ɗin kamfanin Redding ko Forster mai ma'auni a ka, wanda kuɗinsa ya ninka na gama-gari sau da yawa. Kafin in miƙa hannu kan kanta sai na tambayi mutum wace bindiga gare shi, me yake harbi, kuma daga wace tazara. In ya ce mai cin harsashi samfurin .30-06 ce ko .308 Winchester, kuma barewa yake bi a watan Nuwamba daga yadi ɗari da ɗoriya, to saiti mai guda biyu ya ishe shi har ya bar wa jikokinsa. Mai tsadar nan na wanda ke gasa daga yadi dubu ne, inda ɗan bambancin da ido ba ya gani ke fitowa a jikin allo. Ribata ta fi yawa a kansa, ba na musu, amma wanda aka ɗora wa abin da ba ya buƙata ba ya dawowa.

Akwai kuma dayis mai matse wuyan kwanso kaɗai, ya bar jikin yadda harbi ya bar shi. Da can ana yabonsa ƙwarai, wai tagulla ta fi daɗewa. Sai dai kwanson ya zama na bindiga ɗaya tak, kuma bayan 'yan harbe-harbe yakan fara cijewa wajen shiga. Maharbin da dabba ke tsaye gabansa ba shi da lokacin kokawa da makullin bindiga, shi ya sa nake ba shi mai matse jiki duka. Masu gasa da yawa ma sun koma can.

Aikin da ya fi zuwa mini a leda shi ne kwanson da ya maƙale. Kwanson bindigar farauta mai kafaɗa ne, dole a shafa masa mai kafin a tura shi cikin dayis. Wani ya saba da dayis ɗin ƙaramar bindiga na kabayid, wani abu mai tsananin tauri da santsi wanda ba ya neman mai, sai ya tura a bushe, ya ja hannun injin da ƙarfi, leɓen gindin kwanson ya tsinke, sauran ya zauna daram a ciki. Sai in ɗaure dayis ɗin a bais, wato maƙatar riƙe ƙarfe, in huda gindin, in yanka masa zare, in ɗaura noti a hankali har tagullar ta saki da 'yar ƙara. Wanda ya ji tsoro ya lafta mai kuma, nasa kwanson yakan fito da lotsa a kafaɗa.

Matsalar sana'ar ita ce dayis ba ya ƙarewa da wuri, ga kuma manyan dillalan intanet suna karya farashi. A 2020 da 2021, lokacin da kayan harsashi suka yi ƙaranci a faɗin ƙasar, kantar shagona ta yi fayau, daga baya kuma waɗanda suka saya don firgici suka dinga kawo nasu in saya. Ina karɓar na hannu, amma sai na kwance shi, na goge, na haska tocila a ramin. Iskar Houston akwai laima, kuma mutane a gareji suke ajiye kaya. In na ga tsatsa ko zane a ciki ba na taya shi, don duk kwanson da ya shiga zai fito da wannan zanen a jikinsa.