Muryar da ke Ratso Bango

Wata huɗu na yi a Alƙahira ban san sunan matar da ke hana ni sakat ba. Kullum da yamma, ina tsaka da girki, sai muryarta ta ratso bangon kicin daga gidan maƙwabciyarmu. Murya ce mai kauri, har da farko na zaci namiji ne. Ga ta da naci: baiti ɗaya sai ta riƙe shi ta yi ta juyawa, in ɗora shinkafa ta dahu in sauke, ita ba ta bar wurin ba. Can kuma sai ka ji jama'a sun ɓarke da ihu kamar an ci ƙwallo.

Maigidana ne ya zo karatu Azhar, ni da 'yarmu muka biyo bayansa. Muka sami gida a Hayyul Ashir, unguwar da baƙi suka yi yawa a Madinat Nasr, 'yan Sudan da Somaliya da namu 'yan Najeriya. Shi da asuba ya fita, sai dare. Ni kuwa da na taso ina alfahari da Larabcina na Islamiyya, na yi Ajurruma, na haddace hadisai arba'in, ranar farko da na sauka sayen tumatir na gane ban san komai ba. Na tsara wa mai kayan miya jumla da irabinta cif, kamar mai karanta huɗuba. Mutumin ya saurare ni har na dire, sannan ya ɗaga hannu ya ce, "Sadaƙallahul azim." Duk wanda ke wurin ya kwashe da dariya. Na dawo gida da tumatir, amma sai da na yi sati ban sake sauka ba.

Su ba haka suke magana ba. Jimun ta koma "ga", ƙaf ta ɓace ɗungurungum, har gahawa ma "ahwa" suke ce mata. Burodi ba "khubz" ba ne, "esh" ne, wato rayuwa. Ga gudu, kamar ana korarsu. 'Yata mai shekara huɗu ta fi ni saurin kamawa, ita ke yi mini tafinta wurin mai iskar gas da ke zagaya layi yana ƙwanƙwasa tukunya da ƙarfe. Sai ga sanyin Janairu ya shigo, gidan siminti ba abin ɗumamawa, na rinƙa kwana da safa biyu ina tuna ranar Kano da nake zagi.

Maƙwabciyar tamu tsohuwa ce, ita kaɗai take zaune, mijinta ya rasu, 'ya'yanta ɗaya na Kuwait ɗaya na Iskandariyya. Kowa a benen Hajja yake ce mata. Abin da ya haɗa mu daddawa ce. Na sa ta a miyar kuka, ƙamshin ya cika matattakala, sai ga Hajja tana buga ƙofa da hannu a hanci, wai ko wani abu ya mutu mana a bayan firji. Na ba ta haƙuri, na kuma zuba mata a kwano saboda kunya. Washegari kwanon ya dawo cike da mahshi, ganyen kabeji da aka naɗe shinkafa a ciki. Tun daga nan kwanon bai sake zama gida ɗaya ba.

Ran nan ina gidanta aka saki muryar nan. Na yi ta maza na tambaye ta, "Hajja, wai wace ce wannan?" Ta ajiye kofin shayi ta dube ni kamar na tambaye ta sunan kogin da ya ratsa garin. "Ya binti, wata nawa kike a Masar? Wannan ai Sitt ce." Sitt kawai, wato Uwargida, ba a ƙara komai. Sai da na matsa ta ce Ummu Kulsum. Nan take ta yanke hukunci ranar Asabar za ta kai ni gidan tarihinta, kuma ba shawara take nema ba.

Na sha jinin jikina wajen gaya wa maigida, don a gidanmu ba a tashi da kiɗa ba, shi ma haka. Ya yi shiru, ya ce, "Gidan tarihi ne dai ko? Ki je, ko kya ga gari." Ina ganin ya fi damuwa da yadda na koma kamar kaza a akurki.

Muka hau ƙaramar bas, irin wadda ake miƙa kuɗin mota daga hannu zuwa hannu har ya isa wurin direba, canji ya dawo ta hanyar da ya bi ba a ci ko sisi. Daga nan jirgin ƙarƙashin ƙasa, muka sauka a tashar Malik Salih, muka haye gada zuwa tsibirin Rauda. Gidan tarihin yana can ƙurewar tsibirin ta kudu, inda Nilu ya rabu biyu, a harabar fadar Manastirli da wani Basha ya gina a 1851. Dab da shi akwai tsohon ma'aunin ruwan Nilu, wata rijiya mai matattakala da ginshiƙi a tsakiya, tun shekarar 861 zamanin Abbasiyawa. A da, da shi ake gane ko bana za a ƙoshi ko za a yi yunwa, da shi kuma ake yanka haraji. Hajja ba ta bari na tsaya ba, ta ce rijiya ba ta gudu. A ƙofa aka karɓi kuɗina na baƙuwa, ya ninka nata, ta tsaya tana faɗa da mai tikiti wai ni 'yarta ce. Ya dubi fatarta ya dubi tawa, ya yi dariya, amma bai rage ba.

Wurin ƙarami ne, an buɗe shi a ƙarshen 2001. Mai sauri zai gama da shi cikin rabin awa. Mu awa biyu da wani abu muka yi, saboda Hajja ba kallo ta zo ba, gaisuwa ta zo. A gaban kowane gilashi sai ta tsaya. Ga dogayen rigunan da matar ke sawa a dandali, masu dogon hannu, a tsaye ba kowa ciki. Ga baƙin tabarau da ta riƙa sawa saboda ciwon ido. Ga wani ƙawa mai siffar jinjirin wata da take maƙalawa a ƙirji. Lambobin girma daga sarakuna da shugabanni, fasfonta na diflomasiyya, tsofaffin rediyo da garmaho, da takardun waƙoƙi da rubutun hannu. Sai gyalen nan na hannu, wanda ba a ganinta a dandali sai da shi, tana murzawa tana matsewa. Hajja ta kai yatsa ta taɓa gilashin, mai gadi ya yi gyaran murya, ta yi kamar ba da ita yake ba.

Abin da ya tsayar da ni daban ne. Wani tsohon hoto, yarinya da rawani da riga irin ta maza. Hajja ta ce ita ce. Mahaifinta limamin ƙauye ne a Ɗamayuz Zahayira, lardin Daƙahliyya, talaka, yana ƙara abin cefane da yabon Manzon Allah a wuraren biki da mauludi. Yarinyar ta yi makarantar allo, da ya ji muryarta sai ya riƙa tafiya da ita, amma da shigar maza don kada a ce liman ya fito da 'yarsa gaban jama'a. Da jaki da ƙafa suka yi ta zaga ƙauyuka kafin su tare a Alƙahira a farkon shekarun 1920. Ni da na zo ina ɗari-ɗari, sai na ga gidanmu a hoton. Kakata ta wajen uwa ita ke ja wa mata baitocin Ishiriniya a watan Mauludi, mu muna amsawa. Ashe daga irin wannan tabarmar matar ta tashi. Shi ya sa ma, in ji Hajja, ba harafin da take haɗiyewa, kowanne sai ta ba shi haƙƙinsa kamar mai tajwidi.

Akwai wani ɗan ɗaki da ake nuna fim ɗinta, baƙi da fari. Muka zauna mu biyu sai wasu 'yan mata da ke ta ɗaukar kansu hoto. Nan na fara ganin abin da nake ji ta bango. Tana tsaye gaban makaɗa, ba ta rawa, ba ta ko motsa ƙafa sosai. Ta faɗi baiti, ta dawo ta sake faɗinsa, amma ba yadda ta faɗe shi da farko ba: nan ta ja, can ta karya, ta tsaya a kan kalma ɗaya har sai ka ji numfashinka ya ɗauke. Sai mutanen su tashi tsaye, manya da kwat da jar dara, suna "Allah! Allah!" suna roƙon ta maimaita. Gabana ya faɗi, don na san wannan ihun. Shi ne wanda ke cikin kaset ɗin karatun Abdulbasiɗ da babanmu ke sawa da azumi, idan ya ja aya da numfashi ɗaya jama'a su kasa riƙe kansu. Tun ina yarinya nake jinsa, ban taɓa tambayar su waye masu ihun ba. Ashe kakannin maƙwabtana ne.

Hajja ta matso kunnena tana ba ni labari, ba ta damu da 'yan matan da ke hararar mu ba. Ta ce a zamaninsu, ranar Alhamis ta farkon kowane wata ake sa waƙarta kai tsaye a rediyo. A layinsu na Shubra rediyo ɗaya ne, na babanta, sai ya ɗora shi a taga. Tun magariba ake wanka a sa kaya masu kyau, a dafa shayi, tituna su yi tsit. Waƙa biyu ko uku ce za ta kai su tsakar dare, kowace ta ci awa guda. Ta ce da aka ci su da yaƙi a 1967, matar nan ta fita ƙasashe tana waƙa tana kawo kuɗin gida, har Faris ta je. Da ta rasu ranar 3 ga Fabrairu 1975, Hajja na amarya. Ta fita jana'iza ba da sanin surukarta ba. Mutane miliyoyi, suka ƙwace makarar daga hannun hukuma suka yi ta yawo da ita a kafaɗa. "Takalmina ɗaya yana can dandalin Tahrir har yau," in ji ta. Ta yi dariya, sannan ta share ido da bakin mayafi. Ban tambaye ta ba ko kukan na Sitt ne ko na mutumin da ya raka ta gida ranar da ƙafa ɗaya ba takalmi.

Kafin mu fita ta sa na saurari wata ƙasidar yabon Annabi da matar ta rera, Wulidal Huda, ta Ahmad Shauƙi. Larabcin littafi ce zalla, irin wadda aka yi mini dariya a kanta wurin mai tumatir. Na fahimci kusan komai. Har akwai kalma biyu da Hajja ta juyo ta ce, "Ke malama, wannan me take nufi?" Na fassara mata da guntun Masarancina. Wata huɗu ke nan ina ƙasar, ranar ce ta farko da wani ya tambaye ni abu ni na ba da amsa.

Da muka fito rana ta yi sanyi. Muka zauna a bakin ruwa muka ci soyayyen dankali daga hannun wani mai kura, ƙafafun Hajja sun kumbura. Rijiyar dai ba mu shiga ba, an riga an rufe.

A bas ɗin komawa barci ya kwashe ta, kanta a kafaɗata. Na hango kwanar layinmu tana matsowa, direba na zuba gudu, kuma ba mai tsayar da shi sai ni. Na haɗiye yawu na ɗaga murya na ce, "Ala gamb ya usɗa!", wato direba a tsaya a gefe. Ya taka birki. Ba wanda ya waiwayo, ba wanda ya ce sadaƙallahu. Na tashe ta muka sauka, ina riƙe da jakarta, tana ta mita wai me ya sa na bari ta yi barci ba ta nuna mini masallacin Nur ba da muka wuce Abbasiyya.