Abin da aikin wayarin ya koya min kan farar fitila

Duk mai wayarin a Legas ya san maganar nan, kwastoma zai shigo gareji ya ce a sa masa fitilar da ta fi ta kowa haske. Direbobinmu da ke Agege da Mile 12 da Idi-Araba, masu Sienna da ke lodin Arewa da masu Corolla da ke yawon haya cikin gari, kusan kowa yanzu so yake a cire masa ƙwan halojin mai ruwan ɗorawa a sa farin LED. Ni dai ban ga laifinsu ba wallahi, duk wanda ya taɓa fita ta Berger da dare ya hau hanyar Ibadan ya tarar da tirela ta mutu a tsakiyar titi ba ko alama sai ganyen da aka zuba a bayanta, shi ya san darajar fitila. Amma abin da na fahimta a aikin nan shi ne yawan haske daban, ganin hanya daban, kuma mutane da yawa kuɗinsu suke kashewa su koma gida da fitilar da ta fi tsohuwar lalacewa.

Maigidana da ya koya min aiki bai yarda na taɓa LED ba sai da ya sa na riƙe ƙwan H4 na dube shi sosai. Ya ce "kai, me ka gani a ciki?" Zare biyu ne na ƙarfe a nannaɗe, ɗaya na ful mai wat 60 ɗaya na dim mai wat 55, kuma ƙarƙashin na dim ɗin akwai wani ɗan ƙarfe kamar cokali da ke tare hasken kada ya tashi sama. Ya ce to gaba ɗaya madubin da ke cikin gidan fitilar nan, kowane lungu da aka lanƙwasa, an yi shi ne domin wannan ɗan zaren da daidai wurin da yake zaune. In ka kawo abin da haskensa ke fitowa daga wani wuri daban, ko da tazarar ba ta wuce milimita biyu ba, madubin zai watsa shi inda ba a so. Shi ya sa LED mai kyau za ka ga allonsa siriri ne, 'yan idanunsa ƙanana a jere baya da baya, a daidai tsayin da zaren yake, kuma in za ka sa shi sai idanun sun kalli dama da hagu, wato ƙarfe 3 da ƙarfe 9 na agogo. Irin masu kauri ɗin nan masu fuska huɗu da ake cewa suna haska ko'ina, su ne ke haska bishiya da allon talla da idon mai tahowa, titin kuma duhu.

Maganar idon mai tahowa ita ta fi damuna gaskiya. Ka hau gadar Third Mainland da dare ko ka shiga layukan Mushin inda mota da mota ke gogar juna, wani ya kashe maka ido da farar fitila, na 'yan daƙiƙu ba ka ganin komai, ga mai tura baro ga yaro mai talla ga ɗan acaɓa a gefe. Mai fitilar shi yana jin daɗi wai yana gani, bai san ya makantar da wanda ke nufo shi da gudu ba. Kuma in an yi karo ai ba a tambayar fitilar wa ta fi. A Ingila tun 2021 motar da aka cusa wa LED a gidan halojin faɗuwa take a gwajin lafiyar mota na shekara, a Jamus kuma sai 2020 aka fara amincewa da wani ƙwan Osram, shi ma sai ga wasu motoci da aka gwada shi a kansu ɗaya bayan ɗaya.

Saboda haka mu ba ma sallamar mota sai mun kai ta bango. A tsayar da ita a wuri mai daidai kamar mita 10 daga bangon, a kunna dim da tsohon ƙwai a zana layin da hasken ya yanke da alli, sannan a sa sabon a duba. In layin ya fito a yanke tsaf, sama duhu ƙasa haske, kuma ya sauka kamar santimita 10 ƙasa da tsayin fitilar, to an dace. In ya watse kamar hayaƙi sai a cire, ko nawa aka saye shi a kasuwar kayan mota ta Ladipo. Fitila mai ƙwallon gilas a ciki, wadda muke cewa furojekta, irin ta dim ɗin Camry 2007, ta fi karɓar LED da sauƙi tunda tana da ƙarfen da ke yanke hasken a ciki, amma ita ma sai an gwada.

Lambobin jikin kwali kuwa kada su ruɗe ka. A ma'aunin yawan haske da ake kira lumen, ƙwan H11 na halojin 1,350 yake bayarwa, H7 kuma 1,500, sai ka ga kwali an rubuta 20,000 a kan ɗan abin da fankarsa ba ta fi ƙwandala ba. LED ba ya zafi ta gaba kamar halojin, ta gindi yake tara zafi, kuma da ya ɗau zafi haskensa ke raguwa. Yanzu ka haɗa da gosulon Oshodi ko na Apapa, mota a tsaye inji na ta huci iska ba ta shiga, ƙwai mai araha nan yake fara kyafta ido ya mutu. Wasu kuma da fankar ta hana murfin baya rufuwa sai su yar da murfin kawai, damina ta yi ƙarfi a watan Yuni mota ta shiga ruwa, raɓa ta cika gilas madubi ya dafe, an tashi gyaran ƙwai an kashe gidan fitila gaba ɗaya. Gara a nemo murfin roba mai zurfi ko a zaɓi ƙwai gajere.

Ɓangaren waya bai da wuya in ka san motar. LED yana da fozitib da negatib, in bai kama ba juya soket. Camry da Corolla tokumbo na Amurka da yawa fitilar rana, wato wadda ke kunna kanta in ana tafiya da rana, a ƙwan 9005 na ful take bi da raunin wuta, ka sa LED a wurin sai ya riƙa rawa. Su Benz da BMW kwamfutarsu na ganin wutar da ake ja ta yi kaɗan sai ta nuna wai ƙwai ya mutu, sai an haɗa da dikoda, wato 'yar na'urar da ke hana kwamfutar nuna hakan. Masu babbar mota kuma a duba ko ƙwan ya yarda da bolt 24.

Sai launi. A ma'aunin launin haske, halojin yana wajen 3200K, LED na kasuwa yawanci 6000K zuwa sama, fari fat har da shuɗi-shuɗi. Da rani cikin gari yana da kyau a ido, amma a jiƙaƙƙiyar kwalta da ruwa na zuba, ko in ka wuce Ilorin ka shiga hazon hunturu, farin nan dawo maka yake a ido ya gajiyar da kai. Ni direban doguwar hanya 4300K nake ba shi shawara in ya samu.

Abin da ya fi ba kwastoma mamaki shi ne in na ce masa "Alhaji, motarka ba LED take buƙata ba." Sau da yawa robar gaban fitilar ce rana ta cinye ta koma rawaya, ko wayoyi sun tsufa as, wato wayar da ke haɗe da jikin mota, ya yi tsatsa wutar da ke isa ƙwan ba ta cika ba, kuma halojin da wuta ta ɗan ragu haskensa ke faɗuwa sosai. A goge robar a shafa abin kare ta daga rana, a gyara as, a sa rile, wato ɗan makunnin da zai jawo wuta kai tsaye daga batir, a sa sabon ƙwai na kirki ba tare da an taɓa gilas ɗinsa da yatsa ba don maiƙon hannu na ƙona shi, sai ka ga mutum ya fito yana cewa ashe haka motata take. Akwai kuma motocin da aka juya wa sitiyari daga dama zuwa hagu aka bar fitilarsu ta asali, ita dama an yi ta ne ta ɗaga haske ta hagu, mu kuma tun 1972 hannun dama muke bi, ka ga kai tsaye idon mai tahowa take nufa, irin wannan ba ƙwan da zai gyara ta sai an canza gidan.

Masu Sienna kuma ina roƙonsu su dawo saiti bayan sun yi lodi, ba motar tana wayam ba. Fasinja sun cika, buhuna a but wasu a sama, baya ya zauna gaba ya ɗaga, fitilar da aka saita daidai da safe yanzu fuskar direban tirela take haskawa tun daga Shagamu har Jebba. Sukurun saitin yana nan bayan fitilar, in motar na da ɗan maɓallin sauke haske a gefen sitiyari ma ba sai an buɗe bonet ba, a murza shi zuwa 2 ko 3 kafin a bar tasha.