Lungun kabad ɗin kicin

Kabad ɗin kwanar kicin yana da fili, amma hannu ba ya kaiwa can ciki, sai kaya su shekara an manta da su. Maganinsa faifai mai juyawa, hawa biyu. Uwargida, kafin ki kira kafinta ki auna faɗin bakin ƙofar, ba cikin kabad ɗin kaɗai ba. Nan ake yawan kuskure, a sayo faifai ya ƙi shiga. A bar tazarar santimita 3 tsakaninsa da bango don kada ya riƙa gogawa.

Tukwane masu nauyi a ƙasa, kayan yaji a sama, kuma faifan ya zama mai ɗan tudu a gefe da zai tare kaya, in ba haka ba kwalbar mai za ta faɗa baya. Idan bututun ruwa ya bi ta wurin, kar a ajiye gari ko shinkafa, laima da kyankyasai za su ɓata su.