Kirgar kifi a kogin Hadejia da abin da kachala ta nuna min

Bara aikin project ya kai ni kogin Hadejia, mu uku ne, aka ce mu rubuta irin kifin da ke ciki mu kuma duba inda hanyarsa ke toshewa. Na tafi da sunayen dam din Tiga da na Challawa a baki, Tiga an gama shi 1974, Challawa 1992, ga kuma barrage din wajen Auyo, wato madatsar da ke karkatar da ruwa zuwa gonaki, a zatona in na auna wadannan madatsun ruwa na gama aiki.

Ranar farko na isa mashaya wajen karfe goma, wallahi ko kifi daya ban samu ba, mata masu suya da 'yan kyafa sun kwashe tun da sassafe. Daga ranar sai da asuba nake zuwa, kafin kwalekwale ya taba gaci ina tsaye da sikeli da littafi. Tarwada da karfasa su ke cika kwando kullum, sai kurungu, kawara, wani lokaci gaiwa ko bargi. Tsage kuwa da giwan ruwa sai ka dade kana jira.

Wani dattijo da ke gyaran koma ya ga ina ta rubutu ya ce dan nan zo ka zauna, na ce to Baba. Shi ya jero min sunayen kifin da yake kamawa yana saurayi, wasu ban taba ji ba sai da muka dauko littafin hotuna yana nuna min da yatsa. Ya ce kifi ba sama da kasa kadai yake tafiya ba, gefe yake fita, in ruwa ya cika a Agusta zuwa Satumba ya malala fadama can yake shiga ya zuba kwai, 'ya'yan su yi girma cikin ciyawa su dawo kogi in ruwa ya fara ja. To dam ya rage wannan cikar, kuma ana sakin ruwa da rani saboda noman rani, kasan da da take bushewa yanzu ba ta bushewa, kachala, doguwar ciyawar nan ta cikin ruwa, ta samu wurin zama.

Ban gane maganar ba sai da muka shiga wajen Marma, hanyar da ke kai ruwa tafkin Nguru. Kachala ta fi tsayina, tana kartar fuska, mai tuka mu ya ajiye filafili ya koma ja da hannu, ruwan kasa baki kirin yana wari, laka ta cike wurin. Tarwada da gaiwa suna shakar iska, za su jure, amma tsage mai son ruwa mai gudu ina zai bi ta nan? Gaba kadan kuma ga dumba, wato shingen tarkon kifi, an jera ta daga wannan gaci zuwa wancan, har kananan kifin da ba su kai yatsa ba tana tarewa, abin ya dame ni sosai amma mai ita iyali yake ciyarwa.

Kuskurena babba shi ne da rani kadai na yi kirgar, lokacin kifi ya taru a gulbi daya, sai lissafin ya nuna kamar babu matsala. Bana in Allah ya kai mu damina zan koma, in fara ta bangaren kogin Jama'are da har yau ba babban dam a kansa, in kwatanta su biyun.