Ranar da libarbata ta cije a harbi na huɗu

Sau uku na harba lafiya, a na huɗu na ja kunama, ganga, wato sashen da ke ɗauke da harsasai yana juyawa, ta ƙi juyawa. Da na leƙa gabanta sai ga kan dalmar wani harsashi ya turo waje, ya tokare da gindin bututun bindigar. Harsasan .44 Magnum ne da na ɗura da hannuna, ina ta alfahari da su, ashe bakin kwanson tagullar da ke riƙe da dalmar ban matse shi yadda ya kamata ba.

Abin da ke faruwa shi ne, duk lokacin da bindiga ta yi shuri, tana fizgo kwansayen da suka rage a ganga zuwa baya. Dalma kuwa nauyi gare ta, tana nan inda take, sai ta riƙa zamewa kaɗan-kaɗan. Shi ya sa harsashin libarba mai ƙarfi yake son matsi na naɗi, wato a lanƙwasa leɓen tagullar ya shige cikin 'yar tsagar da ta kewaye dalmar. Matsin tsuke baki kawai, irin na harsashin 9mm, bai isa a nan ba.

Sai na wuce gona da iri. Na murɗa ƙarfen matsin har kwanso ya yi tumbi a ƙasan baki, wasu suka ƙi shiga ganga sam. Waɗanda suka shiga ma, bayan ɗuri kaɗan bakinsu ya fara tsagewa, don tagulla ba ta son yawan lanƙwasa.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne tsawon kwanso. Na daɗe ina zargin na'urar ɗurin, alhali kwansayen ne ba kansu ɗaya ba: dogo ya matsu fiye da kima, gajere ko taɓa shi ba a yi ba. Aikin datse su akwai gundura, amma tun da na fara daidaita su, na kuma raba zaunar da dalma da matse baki zuwa aiki biyu, matsin ya zama iri ɗaya.

Yanzu in na canza dalma, nakan auna harsashi ɗaya, in yi masa alama da tawada, in cika ganga, in harba biyar in bar shi. Sannan in fito da shi in sake aunawa. In ya ƙara tsawo, na koma kan tebur.